MOTSI YA FI LAƁEWA: MAI SANA'A DA JIKINSA A GWAMMAJA

Gabatarwa

Idan Bahaushe yana son ya ambaci mutumin da ba ya ƙarƙashin kowa a wajen neman abincinsa, watau wanda ba ya jiran albashin gwamnati ko na kamfani a ƙarshen wata, sai ya ce da shi "mai zaman kansa". Ko shakka babu 'yanci ake nufi da wannan lafazi. Amma duk wanda ya ratsa layukan Gwammaja da hantsi, ya dubi teloli da masu kanti da masu gyaran waya da masu sayar da magani, zai ga lafazin ya faɗa daidai da ma'anarsa ta zahiri, domin kuwa mutane ne a zaune tun safe har bayan lisha. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in yi tsokaci a kan wannan zama, da abin da yake yi wa jiki, da kuma yadda mai sana'a zai samar wa jikinsa lokacin motsi ba tare da ya rufe ƙofar cinikinsa ba. Na ɗauki Gwammaja domin ita ce unguwarmu, na kuma ɗauki ɗinki a matsayin misali domin da shi nake biyan kuɗin makaranta.

Zama da Tafiya a Bakin Bahaushe

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara da duba kalmomi, domin sau da yawa abin da al'umma take girmamawa yakan fito a bakinta tun kafin a tambaye ta. Kalmar "zama" tana da daraja a Hausa. Muna da zaman lafiya da zaman aure da zaman majalisa da zaman amana. Idan mutum ya samu natsuwa a rayuwarsa sai a ce ya zauna da gindinsa. Zaman da ake kushewa shi ne zaman banza da zaman kashe wando, su kuwa laifinsu rashin aiki ne. Wanda ya wuni a zaune yana aiki ba wanda zai ce masa kanzil, sai ma yabo.

Tafiyar da ba ta da aike kuwa sunayenta ba su da daɗin ji. Ana ce mata yawo ko gantali ko ragaita. In dai ba shan iska ko miƙe ƙafa ba, da wuya ka sami lafazin da dattijo zai faɗi ya fita haka kawai ba a yi masa kallon marar abin yi ba. Ita kanta jimlar "motsa jiki" a bakin 'yan makaranta da gidajen rediyo muka fi jin ta, kuma da an ambace ta abin da yake zuwa wa mutane shi ne samari masu ƙwallo, ko sojoji a filin atisaye.

Har wa yau akwai batun mutunci. A Kano ta yau tafiyar ƙasa ta zama kamar alamar rashi. Idan magidanci mai shago ya taka daga Gwammaja zuwa Ƙofar Mazugal, kafin ya isa sai mutum biyu ko uku sun tsayar da shi suna cewa, "Alhaji, lafiya kake tafe a sayyada? Ina abin hawan?" Wani ma ya tsaya da babur ya ce lalle sai ya rage masa hanya. Alheri ne ake nufi, amma irin wannan alherin yana daga cikin abin da yake hana mutane takawa.

Jiya da Yau

Kakanninmu ba su bukaci wani lokaci na musamman domin motsa jiki ba, saboda sana'ar tasu ita ce motsin. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. A dubi aikin da ke bayan ƙyalle guda ɗaya. Marini a Ƙofar Mata yana tsomawa yana ɗagawa yana matsewa. Mabugi yana ɗaga ƙaton itacen bugu yana saukewa. Maƙeri da majemi da magini duk da ƙarfin damtse suke ci. Fatake kuma su kori jakuna har Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya. Ko ɗan kolin da yake da rumfa a Kurmi, kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake komawa gida.

Shi kansa ɗinki, ko da yake can ma sana'ar zaune ce, yana da 'yan motse-motsensa. Dattijon da ya koya mini, da keken feda ya yi ƙuruciyarsa, ƙafafu biyu suna aiki muddin allura tana tafiya. Idan zai yi guga sai ya fita waje ya hura gawayi. Idan zare ya ƙare ya tashi ya tafi Kurmi. Idan ya gama rigar wani babba, shi da kansa zai naɗe ya kai masa gida, ya gaishe shi, ya karɓi ladan ɗinki.

Yau duk waɗannan sun kau ɗaya bayan ɗaya. An ɗaura wa keke injin lantarki, sai dai a danna da ɗan yatsan ƙafa. Aikin wuyan da ake kwanaki ana yi, kwamfuta ce take zana shi. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, aike ya ragu. Yanzu ma mai kaya yana gidansa zai aiko da hoton ɗinkin da yake so, ya turo kuɗi ta banki. Da acaɓa ta yawaita sai mutane suka daina taka ko da tazarar layi biyu, kuma da gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairun 2013, sai 'yan adaidaita sahu suka cike gurbin. Hatta abincin rana, yaro ne zai kawo shi har kan teburin yanka.

A cikin gida ma haka abin yake. Iyayenmu mata sun yi daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya. 'Ya'yansu masu ɗinkin hula da saƙa da ƙulle-ƙullen kayan miya a ɗaki, inji ya ɗauke musu daka da markaɗe, sai zaman ya ƙaru. Ba wanda zai yi fatan a koma wahalar da, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauƙaƙe ni'ima ce. Sai dai idan aka tara su wuri ɗaya, za a ga sun tsame motsi daga cikin sana'a kamar yadda ake tsame gashi daga cikin nono, ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da Zama Yake Yi wa Jiki

Masana sun daɗe da lura da wannan al'amari. Wani likita ɗan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a 1700 a kan cututtukan da kowace sana'a take jawo wa masu yin ta. A ciki ya ware babi domin masu aikin zaune, kuma misalin da ya kawo su ne teloli da masu ɗinkin takalma. Ya bayyana yadda bayansu yake ranƙwafewa, ya kuma ba su shawara su riƙa motsa jikinsu, ko da a ranakun hutu ne. Abin da ya gani a garinsu shekaru fiye da 300 da suka wuce, shi muke gani a layinmu.

A 1953 kuma wani likita a Ingila, Jeremy Morris, tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Lancet a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan. Direba yana wuni a zaune, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka wajen karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, awoyin aiki ɗaya, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Wannan bincike yana daga cikin na farko da suka nuna wa likitoci cewa rashin motsi shi kansa hanyar cuta ne.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau ya koma zuciya, kuma naman sha-raɓa shi ne yake matsa jijiyoyi yana tura shi sama duk lokacin da mutum ya taka. Idan aka daɗe a zaune wannan turi yakan yi rauni, shi ya sa tela yakan ga ƙafarsa ta kumbura da daddare. Haka kuma tsokar jiki ita ce take cinye mafi yawan sukarin da ya shiga jini bayan an ci abinci. Idan tana kwance ba ta aiki, sukarin yakan daɗe yana yawo a jini. Wuya da kafaɗu da ƙugu kuwa, sunkuyo a kan allura na awa da awoyi yana gajiyar da su, wasu tsokoki su ɗaure, wasu su saki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da ake ɗan ɗaga ƙafa har numfashi ya ɗan hau amma ana iya magana. Ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, da rage yawan zama, ta kuma nuna cewa motsi kaɗan ya fi babu. Alƙaluman da hukumar ta bayyana a 2024 sun nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, watau kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai wannan mizani ba. Rashin kai wa gare shi yana ƙara haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, cututtukan da yanzu da wuya ka sami zuri'ar da ba ta san ɗaya daga cikinsu ba.

Jiki Shi Ne Jari

A nan ne mai zaman kansa ya bambanta da ɗan albashi. Ma'aikaci yana da lokacin tashi, yana da Asabar da Lahadi, yana da hutun shekara, idan ya kwanta ciwo albashinsa yana tafiya, idan ya tsufa yana sa ran fansho. Mai shago ba shi da ko ɗaya. Ba wanda zai kaɗa masa ƙararrawa ya ce ya tashi, kuma duk mintin da ya bar kujera gani yake kamar kuɗi ne ya bari a ƙasa. Shi ne maigida, shi ne yaro, kuma sau da yawa ba maigidan da ya kai mutum tsananta wa kansa.

Gwammaja ta san darajar masu sana'a. A nan gidan Malam Aminu Kano yake, watau Gidan Mambayya, inda aka binne shi a 1983, kuma sananne ne cewa jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 ta sami ƙarfinta a wurin teloli da mahauta da 'yan koli da ire-irensu, mutanen da suka iya tsayawa a kan ra'ayinsu domin ba sa cin abincin kowa. Amma wannan 'yanci a kan abu guda ya dogara, shi ne lafiya. Ran da baya ya riƙe, ran nan shago ya rufe, kuma wanda jiya ba ya roƙon kowa sai ya koma jiran hannun 'yan'uwa.

Na san wani dattijo a layinmu wanda a zamaninsa ba a yi telan babbar riga kamarsa ba a wajen. Kekensa yana nan da kyansa, idonsa yana gani, hannunsa bai manta aiki ba, amma ba ya iya rabin awa a kan kujerar ɗinki, salla ma a zaune yake yin ta. Wata rana ina shafa wa kekena mai sai ya ce da ni, "Ɗan nan, shekara arba'in ban taɓa barin keke ya kwana da ƙishin mai ba, amma ban taɓa tambayar wanda yake kan keken me yake so ba." Mu teloli muna da lissafin zare da allura da man janareta da kuɗin haya, amma a littafin lissafinmu ba shafin jiki, alhali kuwa shi kaɗai ne kayan aikin da ba a sayar da irinsa a Ƙofar Ruwa. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, maƙwabcinmu ne, kuma rahama ne a gare mu, sai dai rigakafi ya fi magani.

Inda Lokacin Yake

Idan aka ce wa mai sana'a ya ware awa guda ya tafi filin wasa, an faɗa masa abin da ba zai yi ba. A ganina hanyar da za ta ɗore ita ce a ɗaura motsi a jikin abubuwan da dama can suke raba wuni, yadda ba sai an tuna ba.

Na farko shi ne lokutan salla. Salla ibada ce, ba domin motsa jiki ake yin ta ba, kuma bai kamata a gurɓata niyya ba. Amma ita kaɗai ce take tayar da kowane mai shago daga mazauninsa sau biyar a rana, kuma ba mai kayan da zai yi fushi don ya tarar an tafi masallaci. Yawancinmu a tabarmar ƙofar shago muke yi, taku goma daga keke. Idan mutum ya zaɓi masallacin da yake da tazarar minti 5, ya je ya dawo a salloli uku kawai, ya sami minti 30 a rana, watau minti 210 a mako, ya wuce mafi ƙarancin abin da ake nema, muddin ya ɗan ɗaga ƙafa. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu falalar takawa zuwa masallaci.

Na biyu shi ne aike. Ba kowane aike ya kamata a ba yaro ba. Ni dai na ɗaukar wa kaina sayen zare da maɓalli. Sau ɗaya a mako nakan ratsa ta lungunan Dala in faɗa Kurmi da ƙafa, tafiyar kamar rabin awa, in kaya sun yi nauyi in dawo a adaidaita. Ribar ba ta tsaya ga jiki ba, domin mai zuwa kasuwa da kansa ya fi sanin farashi, ya kuma fi samun rangwame.

Na uku shi ne tsarin shagon kansa. Yanka da guga a tsaye ake yin su, saboda haka maimakon a tara su a bar wa yara, sai tela ya riƙa tashi duk sa'ad da ya gama riga ɗaya ya goge ta da kansa. A ajiye ruwan sha a nesa da keke. Idan waya ta yi ƙara a miƙe a amsa ta a tsaye, ana kai da kawowa a ƙofar shago. Bayan abincin rana a zaga layi na minti 10 kafin a koma, domin a lokacin ne tafiya ta fi taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari. Mai sana'a a cikin gida ma tana iya yin haka a tsakar gida, tsakanin hula da hula.

Na huɗu shi ne bayan asuba, kafin gari ya cika da hayaƙi da ƙarar ababen hawa. Allah ya ba mu Dutsen Dala a kusa, ga matakala an gina har sama. Nakan hau shi sau biyu a mako, kuma wanda ya tsaya a can da sanyin safiya, ya hangi Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da rufin gidajen birni, zai sauko da wata natsuwa wadda za ta bi shi har kan keke.

Uzurori

Uzuri na farko da ake kawowa shi ne mai kaya zai zo ya tarar ba kowa. Amsa ita ce maƙwabtaka. Tun can masu rumfa suna duba wa juna, kuma idan teloli biyu suka yi yarjejeniya, wannan ya fita wancan ya tsare, ba wanda zai yi asara. Wayar da ta zaunar da mu ita ce kuma za ta sake mu, tun da mai nema zai kira. Idan masu kaya suka san cewa bayan la'asar maigida ba ya nan na minti 20, da kansu za su daidaita zuwansu.

Na biyu shi ne yanayi. Gaskiya ne zafin Kano daga Maris zuwa Mayu ba na wasa ba ne, kuma ƙurar hunturu tana damun masu ciwon ƙirji. A bazara sai a nemi asuba ko bayan magariba, a sha ruwa sosai. A hunturu a jira rana ta ɗan ɗaga, a rufe hanci. Wanda yake da hawan jini ko ciwon zuciya ko na gwiwa, ya fara da kaɗan, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya ce zai hau Dala.

Na uku shi ne watan azumi, lokacin da teloli suke kwana a kan keke saboda ɗinkin salla. A nan ne aka fi cewa ba lokaci, a nan ne kuma aka fi bukatarsa. Telan da bayansa ya riƙe a goman ƙarshe ya rasa cinikin da ya fi kowane a shekara, ya kuma saɓa alkawarin mutanen da ba za su manta ba. Minti biyu na miƙewa bayan kowace riga, da takawa zuwa asham, ba za su hana ɗinki ƙarewa ba. Sau da yawa ma kuskuren yanka a hannun wanda ya gaji yake faruwa.

Na huɗu shi ne kunya, watau tambayar nan ta ina abin hawan. Maganinta abokin tafiya. Mutum ɗaya a ƙasa ana iya tausaya masa, amma magidanta uku suna tafe suna hira ba wanda zai tsaya ya ce zai rage musu hanya.

Kammalawa

A taƙaice, motsin da sana'a take bayarwa kyauta a zamanin kakanninmu yanzu sai an neme shi da gangan, kuma mai zaman kansa ba shi da wanda zai nema masa. Lokacin kuwa yana nan a cikin wunin, a tsakanin shago da masallaci, da tsakanin Gwammaja da Kurmi, da tsakanin riga da riga. Ina kuma ganin maganar ta shafe mu a nan jami'a, domin malami mai duba takardu da ɗalibi mai rubuta kundi ba su fi tela tashi ba. Akwai ma aiki a gabanmu na masu nazarin harshe, shi ne mu samar wa tafiyar neman lafiya suna mai mutunci, wanda dattijo zai faɗa a gaban surukansa ba tare da jin nauyi ba. Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin.